Gyaran harsashin gida a yankin da ƙasa ke ruftawa

Mafi yawan mutane idan suka ga tsaga a bangon gidansu, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne a kira magini ya cike ta da siminti, a shafe, a yi fenti. Sau da yawa hakan ya wadatar, domin kowane gini yana da 'yan tsage-tsage marasa illa waɗanda bushewar filasta ko sauyin zafi da sanyi ke haifarwa. Amma akwai wata irin tsaga da ba ta jin siminti. A cike ta bana, baɗi ta dawo daidai inda take har ta ƙara faɗi, ƙofar ɗaki ta fara cijewa, tagar da ake buɗewa da hannu ɗaya ta koma sai an sa ƙarfi. Irin wannan tsaga saƙo ne daga ƙasar da ke ɗauke da gidan, kuma wanda ya ci gaba da shafe ta ya bar jaki yana dukan taiki. Mafi wuyar wannan matsala ita ce ta gidan da harsashinsa ke nutsewa a yankin da ƙasa ke ruftawa ta bar rami, kuma a ganina babu wani gyara da ya cancanci a kashe masa kuɗi a irin wannan wuri kafin a san abin da ke faruwa a ƙarƙashin harsashin.

Asalin abin daga dutse yake. Akwai duwatsun da ruwa ke narkarwa, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne dutsen farar ƙasa da ake haƙa don yin siminti, da ɗan'uwansa dolomait, da jifsam, da dutsen gishiri. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga sararin sama da kuma cikin ƙasa, sai ya zama asid mai rauni ƙwarai, ya bi ta tsagogin dutsen yana cin gefensu a hankali har tsawon dubban shekaru, tsaga ta zama hanya, hanya ta zama kogo. Jifsam ya fi dutsen farar ƙasa saurin narkewa nesa ba kusa ba, shi ya sa garin Ripon na arewacin Ingila, wanda ke zaune a kansa, ya daɗe yana fama da ruftawar ƙasa. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba kasafai rufin kogon dutsen ne ke karyewa ba. A mafi yawan lokuta kogon yana nan yadda yake tun kafin a haifi kakannin mai gidan, ƙasar da ke kwance a kan dutsen ce ke zurarewa cikin ramukansa, tana barin gurbi a sama.

Yadda wannan zurarewa ke bayyana ya danganta da irin ƙasar da ta rufe dutsen. Idan yashi ne, yana tsiyaya kaɗan-kaɗan kamar buhun hatsin da ya huje ta ƙasa, sai saman ya riƙa lotsawa a hankali, gidan da ke kai ya karkace cikin shekaru. Idan kuwa yumɓu ne, lamarin ya fi haɗari, domin yumɓu yana da danƙo, yana iya riƙe kansa. Ƙasansa yana ɓantarewa yana faɗawa cikin dutsen, gurbi mai siffar kubba yana girma yana hawowa sama, amma farfajiyar gida tana nan lafiya ƙalau a ido, har ranar da rufin gurbin zai yi siririn da ba zai iya ɗaukar kansa ba, sai ya burma gaba ɗaya. Haka aka yi a Winter Park ta jihar Filorida a Amurka cikin watan Mayu na 1981, inda rami mai faɗin kusan mita 100 ya haɗiye gida guda da motoci da wani ɓangare na wurin ninƙaya na jama'a.

Abin da ke tayar da wannan motsi kusan kullum ruwa ne, ko dai ya yi yawa daga sama ko ya janye daga ƙasa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tallafe ƙasar da ke cikinsa, kuma idan aka zuƙe shi da sauri tallafin ya tafi. A Afirka ta Kudu, bayan da mahaƙan zinariya suka riƙa zuƙe ruwa daga dutsen dolomait a yammacin Johannesburg, ƙasa ta rufta a mahaƙar West Driefontein cikin Disambar 1962, ta haɗiye ginin niƙa dutse tare da ma'aikata 29, sannan a 1964 wani ramin ya tafi da gida da iyalin da ke cikinsa a Blyvooruitzicht. A Janairun 2010, manoman yankin Plant City a Filorida sun kwana da kwanaki suna zuƙo ruwa suna fesa wa amfanin gonarsu don kare shi daga daskarewa, sai ramuka fiye da 100 suka buɗe a yankin. Ta ɗaya ɓangaren kuma, bututun da ke yoyo a ɓoye yana iya yin irin wannan ɓarna ko da babu dutsen da ke narkewa. Manyan ramukan da suka buɗe a babban birnin Gwatamala a 2007 da 2010 sun faru ne a ƙasa mai tokar aman wuta wadda ruwan magudanan ƙarƙashin gari ya wanke. Na kawo waɗannan misalai ne saboda darasinsu ya shafi ƙaramin gida kai tsaye: bututun famfo da ya fashe a ƙarƙashin daɓe, ko sokawen da aka haƙa dab da bango, ko indararon da ke zuba a gindin gini, duk aikin da suke yi ke nan, sai dai a ƙaramin ma'auni.

Duk da haka, bai kamata mai gida ya ɗauka kowace nutsewa ruftawar ƙasa ce ba, ko da a yankin da aka san ana samun ta. Yumɓun da ke kumbura da damina ya tsuke da rani yana tsaga gidaje fiye da yadda ramuka ke yi. Haka ma cikon da ba a danne shi sosai ba kafin gini, da shara ko kututturan itace da aka binne suka ruɓe, da saiwoyin manyan itatuwa masu shanye laimar ƙasa. Kowanne daga cikinsu maganinsa daban, kuma wanda ya ɗura siminti mai yawa a ƙarƙashin gidan da yumɓu mai kumburi ke damu ya yi asarar kuɗinsa a banza.

Matakin farko mai gida da kansa zai iya ɗaukarsa, wato karanta tsagar da bin diddiginta. Tsagar nutsewa yawanci a karkace take tafiya, tana bin layin bulo hawa-hawa, tana tasowa daga kusurwar taga ko ƙofa, tana da faɗi a gefe ɗaya da matsewa a ɗayan, kuma ana ganinta ta ciki da ta waje a wuri guda. A samu fensir a ja ɗan layi a daidai inda ta ƙare, a rubuta kwanan wata a gefe, sannan a yi ɗigo biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar, a auna tazarar da ke tsakaninsu da rula, a ɗauki hoto da rular a jiki. Bayan wata guda a sake aunawa, a ci gaba da yin haka har damina da rani su wuce. Tsagar da ke buɗewa da rani ta rufe da damina tana nuni ga yumɓu, wadda kuwa ke ƙara buɗewa ba ta komawa tana nuni ga ƙasar da ke tafiya. Hukumar binciken gine-gine ta Birtaniya ta kasa tsage-tsage bisa faɗinsu: har zuwa milimita 5 matsala ce ta kyan gani, daga 5 zuwa 25 ta fara shafar ƙofofi da bututu da hana ruwa shiga, abin da ya haura milimita 25 kuwa ya shafi tsayuwar ginin kansa. Sai dai saurin buɗewa ya fi faɗi muhimmanci. Idan tsaga tana ƙaruwa cikin kwanaki, ko ƙasa ta lotsa a zagaye kusa da bango, ko katanga da bishiya suka fara karkata, ko ana jin ƙarar tsagewa, a fitar da iyali daga gidan nan take, a sanar da hukuma, a bar maganar awo ga masana.

Daga nan aiki ya koma hannun injiniyan ƙasa, kuma a nan ne nake ganin mutane suka fi yin tsumulmular da ke jawo musu asara. Binciken kirki yana farawa da auna lebur ɗin daɓen gidan ɗaki bayan ɗaki, a fitar da taswirar da ke nuna inda ya fi nutsewa. Gini yana iya jure nutsewa mai yawa idan duk sassansa suka sauka tare, abin da ke karya shi shi ne wani ɓangare ya sauka ya bar wani. Wasu injiniyoyi biyu, Skempton da MacDonald, sun nuna tun a 1956 cewa bango yakan fara tsagewa idan bambancin ya kai kashi 1 cikin 300, wato santimita 1 a tsawon mita 3, kuma idan ya kai 1 cikin 150 ƙashin ginin ne ke shiga haɗari. Bayan wannan awo akan tona ƙananan ramuka a gefen harsashi don a ga zurfinsa da irin ƙasar da ya zauna a kai, sannan a bi filin da na'urorin da ke hango ƙarƙashin ƙasa ba tare da tono ba, kamar rada ko na'urar da ke tura lantarki ta auna yadda ƙasa ke karɓarsa. Waɗannan na'urori ba sa yanke hukunci, kuma rada ba ta gani sosai a cikin jiƙaƙƙen yumɓu. Amfaninsu shi ne su nuna inda ya dace a haƙa.

Haƙan shi ne zuciyar binciken. Ana kafa injin haƙa a gefen gidan, a riƙa sauka mataki-mataki, a kowane mataki a saka bututun ɗaukar samfuri a ƙarshen sandunan ƙarfe, a riƙa sakin guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsawon santimita 76, ana ƙirga bugu nawa ake buƙata kafin bututun ya shiga santimita 30. A ƙasa mai lafiya, ƙirgen yana ƙaruwa yayin da ake ƙara zurfi. A wurin da ƙasa ke zurarewa kuwa akasin haka ake gani: sama-sama a samu bugu 15 ko 20, can ƙasa kusa da dutse ƙirgen ya faɗo zuwa 2 ko 3, wani lokaci ma mai aikin bai ɗaga gudumar ba sai sandunan su sulale da kansu saboda nauyinsu kawai. Ruwan da ake zagayawa da shi cikin ramin, wanda ya kamata ya dawo sama ɗauke da laka, sai ya ɓace ɓat, ya tafi cikin wani gurbi. Waɗannan alamomi biyu idan suka haɗu, injiniya ya san ya samu maƙogwaron da ƙasar ke bi. Shawarata a nan ita ce wanda zai yi binciken ya zama daban da ɗan kwangilar da zai yi gyaran. Kamfanin da sana'arsa kafa turakun tallafe gini ce zai fi karkata ga turaku, mai injin ɗura siminti kuma zai fi karkata ga siminti, ba lallai don rashin gaskiya ba, sai don kowa abin da ya iya yake gani.

Hanyoyin gyara manya guda biyu ne, kuma ayyukansu sun bambanta. Ta farko tana gyara ƙasa. Ana huda ramuka a zagaye da gidan, tazarar 'yan mitoci tsakaninsu, wasu a miƙe wasu a karkace don su shiga ƙarƙashin ɗakuna, a zura bututun ƙarfe har ya taɓa dutse. Sai a riƙa tura kwaɓin siminti da yashi mai kauri sosai da matsin famfo. Kaurin yana da dalili: ruwan siminti tsararo zai bi kogon ya tafi inda ba a aike shi ba, amma kwaɓi mai kauri yana tsayawa a bakin bututun ya zama dunƙule, ya toshe bakin ramin dutsen, ya kuma ture sassauƙar ƙasar da ke kewaye da shi ya danne ta. Idan matsin ya kai iyakar da aka tsara, sai a ja bututun sama kaɗan a sake turawa, har a iso kusa da harsashi. A duk tsawon aikin dole wani ya tsaya da na'urar awo yana kallon bangon, domin da zarar gidan ya ɗaga da 'yan milimitoci sai a tsayar da famfo, in ba haka ba gyaran da kansa zai fasa daɓe ko ya cika bututun bahaya da siminti. Babu wanda zai iya faɗin ainihin yawan kwaɓin da ƙasa za ta sha kafin a fara, don haka ya kamata yarjejeniya ta fayyace farashin kowace mita kubik da iyakar da za a tsaya a sake shawara, kuma injiniyan mai gida ya riƙa rubuta abin da kowane rami ya sha. Saman ƙasar da ke dab da harsashi ba ya ɗaukar irin wannan matsi, shi ya sa akan ƙarasa shi da kumfar foliyuretan, wadda ake ɗurawa tana ruwa ta kumbura ta daskare. Kumfar tana da kyau a wurinta, amma wanda ya ce ita kaɗai za ta magance ramin da ke can zurfin mita 15 bai faɗi gaskiya ba.

Hanya ta biyu tana ɗauke nauyin gidan daga kan ƙasar ta kai shi ga dutse. Ana tona gefen harsashi, a ɗaura masa maƙalin ƙarfe, a riƙa tura bututun ƙarfe gunduwa-gunduwa da jak, ana amfani da nauyin gidan a matsayin abin dogara, har turken ya ƙi motsi. Akwai kuma turke mai fukafukai da ake murzawa cikin ƙasa, da ƙaramin turken da ake huda masa rami har cikin dutse a cika da rodi da siminti. Na ukun nan ya fi tsada, amma shi na fi amincewa da shi a irin wannan ƙasa, saboda saman dutsen farar ƙasa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tsini-tsini ne da kwazazzabai, kuma turken da ake turawa yana iya tsayawa a kan wani ƙaton dutse da ke yawo cikin laka, ko a kan ɓawon da kogo ke ƙarƙashinsa, mai aikin ya ɗauka ya kai ga tushe. Ƙaramin gida mara nauyi ma yana iya fara ɗagawa kafin turken ya kai inda ake so. Da aka zo gyara gidan adana motocin Corvette na Bowling Green a jihar Kentaki ta Amurka, inda ƙasa ta rufta da motoci 8 a Fabrairun 2014, an cike ramin ne aka kuma ɗora sabon daɓen a kan irin waɗannan turaku masu shiga dutse. Ita kuwa tsohuwar hanyar tona ƙarƙashin harsashi a zuba kankare, wadda ke aiki a wasu wurare, a nan ƙarin nauyi ne kawai a kan ƙasar da tuni ta gaza.

Tambayar da masu gida suka fi yi ita ce wacce za a zaɓa tsakanin biyun, kuma amsar da na gamsu da ita ita ce, idan bincike ya tabbatar ƙasa na zurarewa, gyaran ƙasa ne ke zuwa farko. Turaku suna riƙe bango, amma ba sa hana ƙasa ci gaba da tafiya. Daɓen tsakiyar ɗaki da bututun ruwa da farfajiya duk a kan ƙasar suke, kuma siririn turken da ƙasar gefensa ta janye yana iya lanƙwasa. Siminti kuma yana tsayar da zurarewar, amma ba ya mayar da gidan da ya karkace daidai yadda jak ke yi. Saboda haka akan ɗura, a bar ƙasa ta natsa na wasu makonni, sannan a kafa turaku idan ginin yana buƙata. Wajen ɗaga gidan ma akwai iyaka, domin ginin da ya shekara yana karkacewa ya riga ya saba da sabon zamansa, kuma tilasta masa komawa lebur ɗin farko yana iya buɗe sababbin tsagogi. Cike tsaga da fenti su ne na ƙarshe, bayan awo ya nuna motsi ya tsaya.

Ramin da ya buɗe a fili, nesa da bango, shi ma yana da ƙa'idar cikewa. Zuba masa shara ko ɓaraguzan gini yana ɓoye shi ne kawai, kuma duk ƙazantar da aka jefa tana tafiya kai tsaye cikin ruwan da rijiyoyi ke ɗiba. Toshe shi da kankare ba tare da tsari ba kuma yakan sa ruwa ya nemi hanya ta gefe ya buɗe wani ramin. Abin da masana suka fi yi shi ne a tone har a ga maƙogwaron idan zai yiwu, a fara jera manyan duwatsu, a bi da ƙanana, sai tsakuwa, sai yashi, a rufe da yumɓun da aka danne ya ɗan yi tudu, yadda ruwa zai iya wucewa amma ƙasa ba za ta bi shi ba.

Bayan an gama duk wannan, aikin ruwa yana nan a wuyan mai gida har abada. A gwada bututun famfo da na bahaya a tabbatar ba sa yoyo, tun da aikin ɗura siminti da ɗaga gida yakan taɓa su. A rufe duk famfunan gida a duba mitar ruwa, idan tana juyawa akwai ɓoyayyen yoyo. A kai ruwan rufi nesa da gini cikin bututu, a gyara gangaren fili ya riƙa kore ruwa daga bango, a nisanta sokawe da tankin ƙasa daga harsashi. Ƙa'idojin gini a kan dolomait na Afirka ta Kudu sun ba wannan fanni muhimmanci sosai, saboda abin da suka gani shi ne mafi yawan ramukan da ke buɗewa a unguwanninsu ruwan da ɗan Adam ya saki ne ke jawo su.

Mai gidan da ke da inshora ya karanta takardarsa tun kafin ɓacin rana, domin abin da kamfani ke nufi da ruftawa ba lallai ya zama abin da mai gida ke nufi ba. A Filorida, alal misali, doka ta wajabta wa kamfanoni biyan asarar burmawar ƙasa ta farat ɗaya wadda ta sa hukuma ta hana zama a gidan, amma nutsewar sannu a hankali sai wanda ya sayi ƙarin kariya, kuma gyaran dokar da aka yi a 2011 ya ƙara tsaurara sharuɗɗan. Akwai kuma gidan da gaskiya ita ce ba ya gyaruwa. A Seffner ta wannan jiha, ƙasa ta rufta a ƙarƙashin wani ɗakin kwana a Fabrairun 2013 ta tafi da mutumin da ke barci a ciki, aka rushe gidan da na maƙwabta, aka cike ramin da tsakuwa, amma ya sake buɗewa a 2015, ya kuma sake a 2023. Injiniyan da ya ce wa mutum ya bar gidansa ya faɗa masa magana mai ɗaci, kuma ina ganin ya cancanci a saurare shi fiye da wanda ya yi alkawarin gyara kowane irin gida. Inda kuwa aka yi gyaran, mai gida ya karɓi rahoton binciken ƙasa, da taswirar ramukan da aka huda da abin da kowanne ya sha, da zurfin kowane turke, da awon lebur na bayan aiki mai ɗauke da sa hannun injiniya. Da wannan awon za a gwada duk wanda za a yi a shekarun gaba, kuma haƙƙin wanda zai sayi gidan ne a nuna masa takardun gaba ɗaya kafin a yi ciniki.